Tuna Baya: Marigayi Baba Yara, Sarkin 'Yan Wasan Gefe Na Afirka Ta Yamma

A wannan makon za mu waiwayi rayuwar wani bawan Allah wanda yawancinmu muke jin sunansa a rediyo duk ranar da Gana za ta buga ƙwallo a Kumasi, amma kaɗan ne daga cikinmu za su iya faɗin ko wane ne shi. Yaran yanzu da yawa sun ɗauka Baba Yara sunan filin wasa ne kawai, wasu ma suna zaton wani tsohon basarake ne ko attajirin da ya gina filin. To, ba basarake ba ne, ba kuma attajiri ba. Ɗan ƙwallo ne, Musulmi, wanda ya yi tashe na shekara takwas kacal, ya karye yana da shekara 26, ya rasu yana da 32.

Abin da ya sa labarinsa ya bambanta da na 'yan ƙwallon yau shi ne, kusan babu abin da ya rage mana daga gare shi sai hotuna marasa kala da kuma bakin dattawa. Gidan talabijin na Gana bai fara aiki ba sai a 1965, shekara biyu bayan Baba Yara ya daina taka leda, namu na Togo kuwa sai 1973. Saboda haka duk wanda bai je fili ya gan shi da idonsa ba, to a rediyo ya ji shi, ko kuma ya ga hotonsa a jarida irin su Daily Graphic, wadda aka kafa a Akra a 1950. Fataken goro da na atamfa da suke zirga-zirga tsakanin Kumasi da Aflao da Lome su ne suke shigo da irin waɗannan jaridu cikin kayansu, a yanke hoton a liƙa a bangon shagon tela ko na wanzami. Wanda ya taɓa ganin irin hotunan zai tuna fasalinsu: sahu biyu na samari, na baya a tsaye sun harɗe hannu, na gaba a tsugune, ƙwallon fata a gaban gola, wanduna har kusa da gwiwa, babu sunan kamfani ko ɗaya a ƙirjin riga. Hausawa suna cewa kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, kuma akwai gaskiya a ciki, amma a wannan karon ba ƙorafin bana ne ya sa muka ɗauko bara ba. Labarin ne yake da abin dubawa.

Sunansa na yanka Usman, wanda takardun Gana suke rubutawa Osman Seidu. An haife shi a Kumasi a ranar 12 ga Oktoba, 1936, lokacin ƙasar tana hannun Turawan Ingila da sunan Gold Coast. Laƙabin da ya danne sunan nasa kuwa, duk mai jin Hausa ya san kalmomi biyu ne na gida, baba da yara, kuma wannan na daga cikin abin da ya sa mutanen zongo daga Kumasi har Lome suke ɗaukarsa nasu. Kumasin da ya buɗe ido a cikinta gari ne na goro. Tun bayan da yaƙin basasa ya wargaza kasuwar Salaga a 1892, kuma Turawa suka karya ƙarfin Asante a tsakanin 1896 da 1900, fatake Hausawa da sauran mutanen arewa suka riƙa gangarowa kudu suna kafa zongo a duk inda ciniki ya kai su. Wasu suka zauna a Kete-Krachi, wasu Kumasi, wasu Akra, wasu kuma suka biyo ta Kpando da Kpalime har suka iso bakin teku a nan Lome. Tushenmu ɗaya ke nan. A waɗannan unguwanni Hausa ce harshen kasuwa da na masallaci, ko da mutum Bagobiri ne ko Bazabarme ko Dagomba ko Mosi ko Kotokoli.

Masu rubuta tarihin ƙwallon Gana sun kawo cewa ba da tamaula ya fara ba, da doki ya fara. Tun yana yaro, daga wajen 1950 zuwa 1955, ya kasance cikin yaran da suke hawan dawakin sukuwa a filin tsere na Akra. Wannan sana'a ce da ba a ɗaukar mai nauyi, ana son yaro siriri mai ƙarfin cinya, wanda ba ya tsoron gudu, wanda kuma ya iya ratsa tsakanin dawaki biyu ba tare da ya rufe ido ba. Mu dai a ganinmu wanda ya saba da wannan tun yana ɗan shekara 14, ɗan bayan da zai tare shi a fili ba zai ba shi tsoro ba.

A 1955 ya shiga kulob ɗin Asante Kotoko na garinsu. An kafa Kotoko da wannan suna a 1935 da albarkar Sarkin Asante, Prempeh na Biyu, kuma kotoko a harshensu na nufin beguwa, dabbar da in ka cire mata ƙaya ɗaya wata take fitowa. A wannan shekarar ce kuma aka kira shi cikin 'yan wasan ƙasa. 'Yan'uwanmu na Najeriya sai su yi mana haƙuri a nan, domin wasan da ya fito da sunansa shi ne wanda har yau ba a son tunawa da shi a Legas: a Akra, cikin 1955, Gold Coast ta lallasa Najeriya da ci 7 da nema. A lokacin ƙasashen biyu suna yin karawa kusan duk shekara a kan wani kofi da ake kira Jalco, bana a Legas baɗi a Akra, kuma galibi mai masauki ne yake ci. Amma bakwai babu ko ɗaya ba a taɓa gani ba. An rubuta cewa yaron nan mai lamba 7, wanda bai wuce shekara 19 ba, shi ya zura biyu, kuma da ƙafarsa aka shirya yawancin sauran.

Ya kamata mu ɗan tsaya mu bayyana wa matasa irin ƙwallon da ake bugawa a wancan zamani, domin in ba a san ta ba ba za a gane dalilin da ya sa ake kiran mutum sarkin 'yan gefe ba. A da, mutum biyar ake jerawa a gaba. Lamba 7 yana bakin layin dama, lamba 11 yana bakin layin hagu, lamba 9 a tsakiya, sai 8 da 10 suna ɗan ja baya suna haɗa su. Aikin lamba 7 a fili yake: ya tsaya a bakin layi har farar ƙasa ta taɓa takalminsa, a miƙo masa ƙwallo, ya fuskanci ɗan baya ido da ido, ya yanke shi, ya ruga har kusurwa, ya ɗago ƙwallon ta sauka a kan lamba 9. Babu wanda yake neman ya dawo baya ya tsare gida kamar yadda masu horarwa suke tilasta wa 'yan gefe yanzu. Shi ya sa 'yan kallo suke cika gefen da yake, domin nan ne ake yin abin da suka biya kuɗi su gani.

Amma aikin ba sauƙi. Ƙwallon ta fata ce mai ɗinki, in aka yi ruwa sai ta sha ta yi nauyi. Filayen yawanci ƙasa ce da tsakuwa. Katin gargaɗi da jan kati ba a fara amfani da su ba sai a gasar cin kofin duniya ta 1970, don haka ɗan baya yana iya sharɓe ƙafar mutum sau uku kafin alƙali ya ce masa uffan. Canjin ɗan wasa ma ba a sake shi kamar yau ba, wanda ya ji ciwo sau da yawa sai dai ya ɗaure ya ƙarasa yana ɗingishi. Kuɗi kuwa babu. 'Yan wasan ba ƙwararru ba ne da suke cin abinci da ƙwallo kaɗai, kowa yana da aikin da yake yi, wani akawu, wani makaniki, wani ma'aikacin kanti. Abin da ake samu shi ne suna, da ɗan abin da masoya suka cusa wa mutum a aljihu bayan wasa.

A cikin wannan yanayi Baba Yara ya yi fice. Kotoko ta ɗauki kofin ƙalubale na ƙasa a karon farko da aka buga shi a 1958, ta ɗauki gasar lig a 1959, ta sake ɗaukar kofin ƙalubale a 1960. Tare da shi akwai irin su Wilberforce Mfum, mai bugun da gola ke gudu, da kuma wasu da sunayensu kaɗai sun isa su gaya maka daga inda suka fito, wato Dogo Moro a baya da Mohammed Salisu a gefen hagu. Duk wanda ya duba jerin sunayen 'yan ƙwallon Gana tun daga wancan lokaci har zuwa kan su Mohammed Polo da Abdul Razak da Sulley Muntari da Mohammed Kudus, zai ga cewa zongo ba ta taɓa fita daga cikin sahun ba.

A 1957, shekarar da Gana ta sami 'yancin kai, kulob ɗin Hearts of Oak na Akra ya gayyato Stanley Matthews, shahararren lamba 7 na Ingila, ya zo ya buga wasanni, har aka naɗa shi sarautar ƙwallo aka zaunar da shi a kan kujera irin ta sarakunan ƙasar. Wannan ziyara ta ƙara wa mutane son ɗan gefe mai yanka, ta kuma ba su ma'aunin da za su gwada nasu da shi. Ba a daɗe ba jaridu da 'yan kallo suka ba Baba Yara tasa sarautar, suka riƙa kiransa sarkin 'yan gefe na Afirka ta Yamma.

Daga nan sai siyasa ta shigo. Kwame Nkrumah ya ɗauki ƙwallo a matsayin makami na haɗa kan ƙasa da kuma nuna wa duniya cewa baƙar fata zai iya. Ya samu mutumin da zai yi masa wannan aiki, Ohene Djan, wanda ya zama shugaban hukumar ƙwallo a 1957, aka kuma naɗa shi daraktan wasanni na ƙasa a 1960. A ƙarƙashinsa Gana ta shiga FIFA a 1958, aka raɗa wa 'yan wasan ƙasa suna Black Stars, aka kuma ƙirƙiro kofin zinari na Nkrumah domin ƙasashen Afirka ta Yamma, wanda Gana ta ɗauka a 1959 da 1960. Sannan a 1961 aka zo da abin da ya tayar da ƙura: gwamnati ta kafa kulob nata na kanta mai suna Real Republikans, wanda kowa ya sani da kulob ɗin Osagyefo, wato laƙabin Nkrumah. Tsarin shi ne a ɗebo 'yan wasa biyu mafiya kyau daga kowane babban kulob a tara su wuri ɗaya a Akra, su riƙa wasa tare kullum, ta yadda in an kira wasan ƙasa sun riga sun san ƙafar juna. Daga Kotoko aka ɗauki Baba Yara da Dogo Moro.

Mutanen Kumasi ba su ji daɗi ba, kuma suna da hujja. Dama can tsakanin Asante da gwamnatin Nkrumah akwai tsama tun rikicin siyasar 1954. Ɗan kasuwa zai fi kowa gane zafin abin: ka raini yaron shago tun bai san canji ba, sai ranar da ya fara kawo maka ciniki hukuma ta zo ta ce ta ɗauke shi zuwa shagonta da ke kallon naka. Sai dai in za a faɗi gaskiya, ta fuskar ƙwallo dabarar ta yi aiki. Republikans ta ɗauki lig a kakar 1962 zuwa 1963, ta kuma riƙe kofin ƙalubale shekara huɗu a jere daga 1962 zuwa 1965. A watan Agustan 1962 kuma Real Madrid, wadda ta riga ta ɗauki kofin Turai sau biyar a jere, ta zo Akra da su Di Stefano da Puskas, Black Stars suka riƙe ta aka tashi 3 da 3. An riga an ba Gana karɓar baƙuncin gasar cin kofin Afirka ta ƙarshen 1963, kuma babu mai shakkar wanda zai sa lamba 7.

Allah bai nufa ba. A ranar 24 ga Maris, 1963, Republikans ta je Kpando ta buga wasan lig da Volta Heroes, ta ci 5 da nema. Kpando ba baƙon gari ba ne a wurinmu. A zamanin Jamus cikin Togo yake, zango ne a kan hanyar fatake daga Kete-Krachi zuwa Lome, sai bayan yaƙin duniya na farko ya faɗa ɓangaren Ingila, ƙuri'ar raba gardama ta 1956 kuma ta haɗa wannan yanki da Gana. A hanyarsu ta komawa Akra, a daidai Kpeve, inda hanya take bin gindin duwatsu, motar da ta ɗauko su ta zame a wata kwana ta bugi gaɓar hanya. 'Yan wasa da dama sun ji raunuka, amma suka warke suka koma fili. Shi kuwa Baba Yara a ƙashin baya abin ya same shi, laka ta taɓu, ƙafafun da ƙasa baki ɗaya take taƙama da su suka daina motsi.

A nan muna so direbobi da 'yan kamasho da duk mai bin hanyar Aflao ko Sinkase ko Hilakonji ya buɗe kunne. Laka ita ce igiyar da take ɗauko saƙo daga ƙwaƙwalwa zuwa hannu da ƙafa, tana bi ta cikin ƙashin baya kamar waya a cikin bututu. Ƙashi in ya karye yana haɗewa, amma laka in ta tsinke ba ta komawa, har yau likitoci ba su da maganin da zai ɗinke ta. Sau da yawa kuma haɗarin ba ya tsinka ta gaba ɗaya, sai wajen ceto, in aka finciko mutum daga mota, wannan ya kama hannu wancan ya kama ƙafa, bayan ya lanƙwashe, ƙashin da ya karye ya ƙarasa yanke ta. Wanda ya yi haɗari yana kukan wuya ko baya, ko ya ce ba ya jin ƙafarsa, ba a zaunar da shi, ba a naɗe shi a kujerar tasi. In dole ne a ɗaga shi, a shimfiɗe yake tafiya a kan abu mai tauri kamar ƙyaure ko faffaɗan katako, mutum ɗaya yana riƙe da kansa kada ya juya.

Gwamnatin Gana ba ta yi sakaci da shi ba a farko. An ɗauke shi a jirgi zuwa Ingila tare da rakiyar likita, aka kwantar da shi a asibitin Stoke Mandeville, wanda a lokacin babu kamarsa a duniya wajen ciwon laka. Wani likita Bayahuden Jamus mai suna Ludwig Guttmann, wanda ya gudo daga mulkin Hitler a 1939, shi ya buɗe sashen a 1944 domin sojojin da suka karye a yaƙi. Kafin shi, mai irin wannan rauni ba ya daɗewa, kuma ba raunin ne yake kashe shi ba, gyambon kwanciya ne da ciwon mafitsara. Guttmann ya sa dokar a riƙa juya majinyaci duk bayan awa biyu dare da rana, a kula da fitsarinsa, a kuma tashe shi ya motsa jiki. Shi ne ya shirya wa masu keken guragu gasar harbin kibiya a 1948, wadda ta girma ta zama gasar nakasassu ta duniya da aka fara a birnin Rum a 1960. Wato asibitin ya iya raya mutum ya koya masa zama da lalurarsa, amma bai iya mayar masa da ƙafa ba. A watan Agustan 1963 Baba Yara ya sauka a Akra a kan keken guragu.

Bayan wata uku da 'yan kwanaki aka buɗe gasar Afirka a Akra da Kumasi. A ranar 1 ga Disamba Gana ta doke Sudan da ci 3 da nema ta ɗauki kofin a karon farko, ƙarƙashin mai horarwa C.K. Gyamfi, da abokan wasansa irin su Aggrey Fynn da Edward Acquah da Mfum. Ta sake ɗauka a Tunisiya a 1965, lokacin wani matashin Kotoko, Osei Kofi, ya gaji gefen dama. A hotunan da aka ɗauka da kofin, waɗanda har yau ake bugawa duk lokacin da gasar ta zagayo, babu Baba Yara a ciki. Wannan ne ya sa wanda ya san ƙwallon Afirka daga littafin sakamako kaɗai ba zai gamu da sunansa ba.

Kamar yadda aka saba in asibiti ya ce iyakarsa ke nan, sai masu da'awa su fito. An kai shi wurin wani mai iƙirarin warkarwa da addu'a, aka yi ta sa rai, ba a ga komai ba. Ba ma zargin waɗanda suka kai shi, wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. A ranar 24 ga Fabrairu, 1966 sojoji suka kifar da Nkrumah, aka rushe Real Republikans, Ohene Djan ya sauka daga kujerarsa, 'yan wasa kowa ya koma tsohon kulob ɗinsa. Gidan da ya ɗauko Baba Yara daga Kumasi, wanda a cikin hidimarsa ya karye, ya zama babu shi. Ya yi shekara shida yana jinya, ya rasu a asibitin Korle Bu da ke Akra a ranar 5 ga Mayu, 1969. Allah ya jiƙansa, ya sa ciwon ya zama kaffara.

Irin wannan labari ba a ƙwallon ƙafa kaɗai ake samunsa ba. 'Yan'uwanmu da neman abinci ya kai Kanada suna ba da labarin yadda mutanen can suke da wasan hoki na kan ƙanƙara, inda ake sa takalmi mai kaifi a ƙasa ana zamiya ana kora wani ɗan faifan roba da sanda. Su ma dattawansu suna ajiye tsofaffin hotuna marasa kala na zamanin da manyan kulob shida ne kawai a gasar, daga 1942 zuwa 1967, lokacin da ake wasa babu hular kwano, suna cewa wasan gaske ya wuce. Suna da nasu lamba 7, Howie Morenz na kulob ɗin Montreal Canadiens, wanda ya karya ƙafa a fili a watan Janairun 1937, ya rasu a asibiti a watan Maris yana da shekara 34. Bambancin shi ne abin da ya biyo baya. An ajiye gawarsa a tsakiyar filin wasan dubban mutane suka zo ban kwana, kulob ɗin ya jingine lamba 7 ba a sake ba kowa ba, kuma a cikin shekarar aka shirya wasa na musamman aka tara wa iyalinsa kuɗi. Hotunansa suna nan a adane da suna da kwanan wata.

Mu namu hotunan ƙaura ce ta cinye su. Wata shida bayan rasuwar Baba Yara, a watan Nuwamban 1969, gwamnatin Kofi Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya bar Gana. Zongo ce ta fi jin wannan doka. Dubban ɗaruruwan mutane suka fita, cikinsu har da waɗanda a can aka haife su ba su san wata ƙasa ba, da yawa kuma ta nan Aflao suka ratso da abin da kai zai iya ɗauka. A shekarar da ƙasar ta binne gwarzonta mai sunan zongo, a shekarar ta kori maƙwabtansa. Wanda aka ba kwana 14 ya tattara rayuwarsa, tabarma da tukunya zai ɗauka, ba jaridar da ke liƙe a bango ba. Mu ma a nan ba mu tsira ba: a 1977 aka rushe tsohon Zongo na tsakiyar Lome, aka kwashe mutane zuwa bayan gari ta arewa, wajen kilomita 15, inda muke a yau, a tsohon wurin kuma aka gina manyan bankuna. Abin da ƙaura ta bari, laimar teku da gara suna ƙarasawa. Garin da ya yi mai ɗaukar hoto irin Alex Acolatse, wanda ya ɗauki Lome tun zamanin Jamus, bai kamata a ce zongonsa ba shi da hoton kakanninsa ba. Duk mai tsohon hoto a ƙasan akwati, na ƙwallo ne ko na sallah ko na ayarin goro, ya fito da shi ya ɗauke shi da waya, sannan ya sami dattijon da zai iya nuna fuska ya faɗi suna, a rubuta a bayansa da fensir tun dattijon yana nan.

Hanya kuma ba ta daina cin 'yan ƙwallo ba. A watan Janairun 2010 'yan bindiga suka buɗe wa motar 'yan wasan Togo wuta a Kabinda ta ƙasar Angola, harsashi ya sami gola Kodjovi Obilale a baya, ƙwallonsa ta ƙare daga ranar. A watan Nuwamban 2011 motar Etoile Filante ta Lome ta yi haɗari ta kama wuta a kusa da Atakpame a hanyarta ta zuwa Sokode, aka rasa rayuka.

Filin da yake ɗauke da sunansa kamfanin UAC ne ya gina shi, aka buɗe shi a 1959, wato shi kansa ya taka shi da rigar Kotoko. Shekaru da dama ana kiransa filin wasa na Kumasi kawai. A cikinsa ne Togo ta doke Kamaru da ci 1 da nema a gasar Afirka ta 2000, shekarar da Kamarun ta ɗauki kofin. Sai a zamanin mulkin John Kufuor, bayan fiye da shekara 30 da rasuwarsa, aka sa masa sunan Baba Yara, kusan lokaci ɗaya da aka sa wa na Akra sunan Ohene Djan. Na Akra bai zauna ba, 'yan asalin garin suka ƙi, aka cire. Na Kumasi ya zauna, duk da cewa gwamnati ta taɓa ɗauke musu shi ta kai Akra. Filin yana cin mutum kusan 40,000, kuma a cikinsa ne Gana ta karɓi Najeriya a ranar 25 ga Maris, 2022, a wasan neman zuwa gasar cin kofin duniya ta Katar, aka tashi babu ci, shekara 67 bayan wancan bakwai da nema.